BABI NA UKU: GUDANAR RUWA TSAKANIN FAYAFAYAI MASU JUYAWA DA MATSALAR INJIN BAN-RUWA A YANKIN LAFAGU

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ruwa ke gudana idan ya sami kansa a tsakanin fayafayai masu juyawa, da kuma irin injinan da masana suka ƙera bisa ga wannan ilimi. Abin da ake nufi da faifai a nan shi ne ƙarfe shimfiɗaɗɗe mai siffar da'ira, kamar faifan rufe ƙwarya ko faifan garmaho, wanda aka soke tsakiyarsa da sanda domin ya riƙa juyawa. Dalilin kawo wannan bayani shi ne a auna wata tambaya da ta shafi aljihun manomin rani a Lafagu da kewayenta, wato ko famfo mai fayafayai, wanda ake yabo da cewa rairayi ba ya cin sa da sauri, zai iya maye gurbin famfo mai farfela da aka saba gani a bakin fadama. Za a fara da bayanin wurin da yanayin ruwansa, sannan a shiga ra'ayoyin masana, daga ƙarshe a yi lissafi.

3.1 Lafagu da Ruwan Kwara

Lafagu gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Wannan ƙaramar hukuma tana iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma ta ɓangarenta ne Kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, kusa da garin Lolo, bayan ya ratso ƙasashen Gini da Mali da Nijar. Gabas da Illo kuma Gulbin Kabi ya zubo a cikinsa. Saboda haka yankin yana da faffaɗar fadama wadda ake noman shinkafa da albasa da sauran kayan lambu, ban da kamun kifi da kiwo.

Wani abin lura game da Kwara a wannan yanki shi ne, sau biyu take cika a shekara. Cikar farko tana zuwa ne daga watan Agusta zuwa Oktoba, sakamakon ruwan saman da aka yi a ƙasashen da ke kusa. Wannan ruwa yakan zo da laka da yumɓu masu yawa har launinsa ya yi fari-fari, shi ya sa masana ke kiran sa farar cika. Cika ta biyu kuwa tana isowa ne da sanyin hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Asalin ruwanta daga tsaunukan Gini ne, amma sai ya yi watanni yana ratsa babbar fadamar ƙasar Mali, inda yake sauke mafi yawan lakarsa kafin ya ƙaraso. Don haka yakan zo a tace, ana kuwa kiran sa baƙar cika. Za a ga muhimmancin wannan bambanci a sashe na 3.8.

3.2 Daga Jigo zuwa Inji

Kafin zuwan inji, da jigo da ƙwarya ake ban-ruwa a fadamun ƙasar Hausa, kuma abin da mutum ɗaya zai iya shayarwa bai wuce 'yan fangaloli ba. A cikin shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohi, musamman na Kano da Sakkwato da Bauci, suka fara yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa masu amfani da fetur, tare da huda gajerun rijiyoyin burtsatse a cikin fadama. Shirin Fadama na ƙasa kashi na farko, wanda aka gudanar daga 1993 zuwa 1999 da rancen Bankin Duniya, ya ƙara faɗaɗa wannan aiki, kuma Kebbi na cikin jihohin da ya fi mayar da hankali a kansu. Daga baya, shirin bai wa manoman shinkafa rance da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya sa noman rani ya ƙara bunƙasa, buƙatar inji ta ƙaru.

Injin da manomi ke ɗaurawa a bayan babur ya kai gona abu biyu ne a haɗe: injin fetur da ke juya sanda, da famfo da ke ɗaure a kan sandar. A cikin famfon akwai farfela mai lanƙwasassun fukafukai. Ruwa yana shiga ta tsakiyarta, fukafukan su ture shi, ya fice ta gefe da ƙarfi. Ƙarfin da ke fitar da shi iri ɗaya ne da wanda ke fitar da dutse daga majajjawar yaro mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa, kuma a wannan babi za a riƙa kiran sa ƙarfin wurgi. Irin waɗannan injina sukan yi juyi har 3,600 a minti ɗaya, kuma mai bakin inci 2 yakan ba da kimanin lita 600 a minti idan ba a ɗora masa hawa ba.

Babban abokin gabar wannan famfo shi ne rairayi. Mafi yawan ƙwayar rairayi ma'adinin kwaz ce, wadda ta fi alminiyon da baƙin ƙarfe tauri, alhali da su ake yin gangar famfon da farfelarsa. Duk lokacin da fiffike ya bugi ruwa mai rairayi, ƙwayoyin sukan kankare shi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka ninka saurin bugun sau biyu, cin ƙarfen yakan ninku sau huɗu zuwa takwas. Sannu a hankali sai fukafukai su siranta, tazarar da ke tsakaninsu da ganga ta buɗe, ruwa ya riƙa komawa baya, manomi ya ga inji na shan mai kamar kullum amma ruwan da ke fita a mesa ya ragu. Wannan matsala ce ta sa ake waiwayen famfon da ba shi da fiffike ko ɗaya.

3.3 Yadda Faifai Ɗaya ke Jan Ruwa

Tambayar farko ita ce, ta yaya ƙarfe sumul, marar fiffike, zai iya tura ruwa? Amsar tana cikin halaye biyu na ruwa. Na farko, ruwa yana manne wa duk abin da ya taɓa, shi ya sa hannu ke fitowa a jiƙe daga tulu. Na biyu, ruwa yana da danƙo, wato kowane sashe nasa yana jan na kusa da shi. Danƙon zuma ko man ja a fili yake, na ruwan sha kuwa kaɗan ne, amma akwai shi.

A shekarar 1904 wani masani Bajamushe mai suna Ludwig Prandtl ya gabatar da takarda a birnin Heidelberg inda ya nuna cewa idan ruwa ko iska na gudu a jikin wani abu, tasirin danƙo yana taƙaita ne a wani siririn sashe da ke manne da abin. A wannan babi za a kira wannan sashe da suna lulluɓin ruwa. A cikin lulluɓin, ruwan da ke taɓa ƙarfe yana tafiya daidai da saurin ƙarfen, na bayansa ya ɗan gaza, haka dai har a kai inda ruwa bai san ana motsi ba.

Ɗalibin Prandtl, wato Theodore von Kármán, ɗan asalin ƙasar Hangari, shi ne ya warware lissafin faifai ɗaya mai juyawa a cikin ruwa a shekarar 1921, sannan W. G. Cochran ya daidaita alƙaluman a 1934. Abin da suka gano shi ne ruwan yana yin motsi iri uku a lokaci guda. Ruwan da ke cikin lulluɓi yana bin faifai yana kewayawa. Da yake yana kewayawa, ƙarfin wurgi yana tura shi zuwa gefe har ya fice. Gurbin da ya bari kuwa sai wani ruwan ya sauko daga sama ya cike. Ke nan faifai sumul shi kansa famfo ne, yana zuƙo ruwa ta fuskarsa yana watsarwa ta bakinsa.

Lissafin ya kuma ba da ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi a wannan babi. Idan aka kira danƙon ruwa d, saurin juyi kuma j, to ma'aunin kaurin lulluɓi, wato t, shi ne:

t = √(d ÷ j)

Ma'anar wannan ita ce, gwargwadon ƙaruwar danƙo, gwargwadon kaurin lulluɓi. Gwargwadon ƙaruwar sauri kuma, gwargwadon sirantarsa. Cikakken lulluɓin faifai ɗaya ya kai kimanin ninki biyar da rabi na t.

Akwai kuma akasin wannan yanayi, wanda U. T. Bödewadt ya yi lissafinsa a 1940, wato ruwa na kewayawa amma faifan yana tsaye. A nan ruwan da ke kusa da faifan tsakiya yake nufa. Kowa na iya ganin haka a teburin mai shayi: idan aka juya shayi da cokali aka cire cokalin, sukarin da bai narke ba yakan taru a tsakiyar gindin kofi.

3.4 Fayafayai Biyu da Saɓanin Masana

Da aka zo kan fayafayai biyu masu fuskantar juna, ɗaya na juyawa ɗaya na tsaye, sai masana biyu da ke aiki a ƙasar Ingila suka yi saɓani. A 1951 G. K. Batchelor na Jami'ar Kambirij ya ce kowane faifai zai sami nasa lulluɓin, ruwan da ke tsakiyarsu kuma zai riƙa kewayawa gaba ɗaya da saurin da bai kai na faifai mai juyawa ba. A 1953 K. Stewartson ya ce a'a, lulluɓi ɗaya ne kawai a jikin faifai mai juyawa, sauran ruwan ba zai kewaya ba. An ɗauki shekaru ana wannan muhawara, sai da aka sami kwamfuta aka gano cewa lissafin yana karɓar amsoshin biyu, har ma da wasu. Gwaji kuma ya nuna cewa idan an rufe gefen fayafayan da ganga, yanayin Batchelor ake samu, inda ruwan tsakiya ke kewayawa da kimanin kashi 30 zuwa 45 cikin ɗari na saurin faifai. Idan kuwa gefen a buɗe yake, ko ana tura ruwa mai yawa daga tsakiya zuwa waje, sai abin ya karkata ga yanayin Stewartson. A 1960 J. W. Daily da R. E. Nece suka yi gwaji a Amurka a kan faifan da ke cikin rufaffiyar ganga, suka kasa gudun ruwan gida huɗu, bisa la'akari da faɗin tazara da kuma ko gudun na natsuwa ne ko na hargitsi.

Wannan muhawara ba ta tsaya a allon jami'a ba, domin tana cikin kowane injin da ke bakin fadamar Lafagu. Bayan farfela faifai ne mai juyawa, bangon gangar da ke fuskantarsa kuma faifai ne tsayayye. Ruwan da ya maƙale a tsakaninsu yana jawo hasara iri biyu. Ta farko, gogayyarsa da bayan farfela tana cin wani kaso na ƙarfin inji, kuma wannan kaso yana hauhawa ƙwarai da girman farfela: idan aka ninka faɗinta sau biyu a kan sauri ɗaya, hasarar takan kusan ninka sau 30. Ta biyu, ruwan da ke bin bangon ganga tsakiya yake nufa, kamar sukarin kofin shayi, saboda haka yana kwasar ƙananan ƙwayoyin rairayi ya kai su gindin sanda, daidai inda abin hana yoyo yake, wanda makanikai ke kira sil. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa sil saurin lalacewa a ruwa mai rairayi, kuma da zarar ya lalace iska ta sami hanyar shiga, famfo ya ƙi jan ruwa.

3.5 Injin Tesla

Wanda ya fara mayar da jan faifai ya zama cikakken inji shi ne Nikola Tesla, wanda aka haifa a ƙauyen Smiljan cikin ƙasar Kuroshiya ta yau a 1856, ya rasu a birnin New York a 1943. An fi sanin sa da aikin wutar lantarki, amma a ranar 6 ga Mayu, 1913, hukumar rajistar ƙirƙira ta Amurka ta ba shi takardun mallaka biyu a kan injina masu fayafayai: mai lamba 1,061,142 ta famfo, da mai lamba 1,061,206 ta injin da ruwa ko tururi ke juyawa, wato tabayin.

Tsarin injin ba shi da wuyar fahimta. Ana jera fayafayai da yawa a kan sanda ɗaya, a bar 'yar tazara a tsakanin kowane biyu, a huda ramuka kusa da tsakiyarsu, sannan a rufe su da ganga. Idan famfo ake so, sai a juya sandar; ruwa ya shiga ta ramukan tsakiya, fayafayan su ja shi ta fuska biyu, ya yi ta kewayawa yana faɗaɗa da'ira kamar naɗin gammo, har ya fita ta gefe. Idan tabayin ake so, sai a feso ruwa ko tururi ta gefe, ya ja fayafayan yana ƙanƙance da'ira har ya fita ta tsakiya. A nan duk fayafayan tare suke juyawa, saɓanin yanayin da aka bayyana a sashe na 3.4.

Hujjar Tesla ita ce, fiffike yana dukan ruwa ya tilasta masa sauya hanya farat ɗaya, wannan kuwa ɓarnar ƙarfi ce, alhali faifai lallashin ruwa yake yi ya bar shi ya bi hanyar da ta fi masa sauƙi. Ya yi hasashen cewa ingancin injinsa zai haura kashi 90 cikin ɗari. Abin da ake nufi da inganci shi ne kason ƙarfin da aka zuba wa inji wanda ya koma aiki mai amfani. Sai dai gwajin da aka yi da tururi a New York a 1911, da wanda aka yi daga baya a masana'antar Allis-Chalmers da ke Milwaukee, ba su kai ko kusa da wannan hasashe ba, kuma zafi da tsananin juyi sun riƙa miƙar da siraran fayafayan suna lanƙwasa su. Tabayin mai fukafukai, irin wanda Charles Parsons ya ƙera a 1884, shi ya ci kasuwa. Injinan da ke ba da wuta a Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 a kan wannan kogi na Kwara, duk masu fukafukai ne.

3.6 Binciken da Ya Biyo Baya

An sake waiwayar injin a cikin shekarun 1960. M. C. Breiter da K. Pohlhausen sun fitar da lissafin gudun natsuwa tsakanin fayafayai biyu masu juyawa tare a 1962. S. H. Hasinger da L. G. Kehrt sun gwada famfo mai fayafayai a 1963, suka nuna cewa yana da juriya ga matsalar kumfar tururi, wato ƙananan kumfa da ke tasowa idan zuƙa ta yi tsanani, su fashe a jikin ƙarfe su rarake shi. Wanda ya fi daɗewa a kan aikin shi ne Farfesa Warren Rice na Jami'ar Jihar Arizona, wanda ya wallafa bincike a kan famfo a 1963, a kan tabayin a 1965, sannan ya tattara sakamakon kusan shekara talatin a wata takarda a 1991. A wannan ƙarni kuma A. Guha da S. Sengupta na cibiyar fasaha ta Kharagpur a Indiya sun ci gaba da lissafin.

Sakamakon waɗannan bincike ya gaskata Tesla ta wani ɓangare, ya kuma ƙaryata shi ta wani. A tsakanin fayafayan kansu, inganci na iya haura kashi 90, amma da sharuɗɗa biyu: tazarar ta zama kimanin ninki uku na t, kuma ruwan da ke bi ta kowace tazara ya zama kaɗan. Da zarar an ƙara yawan ruwa, sai ya riƙa sulluɓewa ba tare da fayafayai sun kama shi sosai ba. Bugu da ƙari, ana hasara mai yawa a mashiga da mafita. Shi ya sa tabayin da Rice ya gwada ya tsaya a kashi 36 zuwa 41, famfuna kuma ba su cika wuce kashi 60 ba, alhali manyan famfuna masu farfela sukan haura kashi 80.

Duk da haka famfo mai fayafayai ya sami gurbi a masana'antu. Kamfanin Discflo na Kalifoniya, wanda aka kafa a 1982, yana ƙera shi domin tura abubuwa masu kauri ko masu tsakuwa, kamar taɓon rijiyar mai da dagwalon masana'anta, da abubuwan da ba a so su farfashe, kamar kifi mai rai. An kuma yi amfani da irin wannan dabara a wasu famfunan tura jini lokacin tiyatar zuciya, domin bugun fiffike yana fasa ƙwayoyin jini.

3.7 Lissafin Tazara da Girman Rairayi

Yanzu sai a ɗora wannan ilimi a kan injin manomin Lafagu. Danƙon ruwa a zafin digiri 20 ya kai kimanin murabba'in milimita 1 a daƙiƙa. Juyi 3,600 a minti, idan aka ninka da 6.28 aka raba da 60, zai ba da j = 377. Saboda haka t = √(1 ÷ 377), wato kimanin milimita 0.05. Ninki uku na wannan shi ne milimita 0.15, wato kaurin takarda ɗaya da rabi. Ko da an rage juyin zuwa 1,500, tazarar ba za ta wuce milimita 0.25 ba.

Masana ƙasa kuwa sun kasa ƙwayoyi kamar haka: yumɓu shi ne abin da bai kai milimita 0.002 ba, laka daga 0.002 zuwa 0.063, rairayi daga 0.063 zuwa milimita 2. Idan aka kwatanta, za a ga yumɓu da laka za su wuce ta tazarar milimita 0.15, amma mafi yawan rairayi, da ɗanyen haki da gansakuka, toshe ta za su yi. Ga kuma yawan fayafayan da ake bukata. Bisa lissafin von Kármán, fuska ɗaya ta faifai mai faɗin santimita 20 tana watsa kimanin lita 32 a minti a wannan sauri, ba tare da hawa ba. Wannan ƙiyasi ne na takarda, domin a irin wannan sauri gudun yakan hargitse, amma ya isa ya nuna cewa kafin a kamo lita 600 sai an jera fayafayai goma ko fiye.

Mafita ita ce a buɗe tazara zuwa milimita da yawa domin rairayi ya wuce, kamar yadda ake yi a famfunan masana'antu. To amma a ruwan kogi lulluɓin siriri ne, saboda haka ruwan da ke tsakiyar faffaɗar tazara ba ya samun ja sosai, inganci ya faɗi. A man da ya fi ruwa danƙo sau 100, t zai ninku sau 10. A abin da ya fi shi sau 10,000, zai ninku sau 100, tazarar da ta dace ta zama milimita 15. Wannan ne sirrin nasarar famfon a kan abubuwa masu kauri. Ke nan a ruwan ban-ruwa, tazarar da ke tsimin mai ba ta barin rairayi ya wuce, wadda ke barin rairayi ya wuce kuma ba ta tsimin mai.

3.8 Lissafin Mai

Domin a ga nauyin wannan a kuɗi, bari a ɗauki misali. A ƙaddara hekta ɗaya ta shinkafar rani za ta sha ruwa mai zurfin mita 1 a tsawon kakar, wato mita kubik 10,000, kuma hawan da famfo ke fama da shi, haɗe da gogayyar mesa, mita 10 ne. Aikin ɗaga wannan ruwa ya kai megajul 981. Litar fetur tana ɗauke da kimanin megajul 32. A ƙaddara injin fetur yana mayar da kashi 20 na wannan zuwa juyi. Idan ingancin famfo kashi 50 ne, za a sha kimanin lita 307. Idan ya sauka zuwa kashi 35, za a sha lita 438. Bambancin lita 131 ne a hekta ɗaya, a kaka ɗaya.

Tsadar mai kuwa ba baƙon abu ba ne ga mutanen bakin iyaka. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 daga iyaka. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A wannan farashi, lita 131 ta zarce naira 130,000, kuɗin da ya ninka na sauya farfela da sil. Ko da hasken rana ake amfani da shi, faɗuwar inganci na nufin ƙarin faranti, wato ƙarin jari.

A nan ne bambancin cikar Kwara biyu ke shigowa. Ban-ruwan rani yana kankama ne a lokacin baƙar cika da bayanta, lokacin da ruwan kogi ya fi tsabta. Saboda haka rairayin da ke shiga inji ba a cikin ruwan yake yawo ba. Galibi bakin mesa ne ke kwance a ƙasan kogi ko tafki yana zuƙo shi, ko kuma rijiyar burtsatse ce ba a yi mata matata mai kyau ba. Maganin wannan yana da araha: a sa bakin mesa a cikin kwando, a ɗaure shi da jarka marar komai domin ya yi iyo sama da ƙasa, a yanka matatar rijiya siri-siri a kewaye ta da tsakuwa, a sauko da inji kusa da ruwa, tunda a aikace zuƙa ba ta wuce mita 7 zuwa 8, a kuma rage wutar inji idan hawan ba shi da yawa, domin cin ƙarfe yana raguwa ƙwarai da raguwar sauri. Ya kamata a tuna cewa famfo mai fayafayai shi ma yana da sil da ganga, kuma rairayi ba zai ƙyale su ba.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa faifai sumul yana jan ruwa ta hanyar mannewa da danƙo, kuma kaurin lulluɓin da yake ja ya dogara ne a kan danƙon ruwa da saurin juyi. An ga yadda saɓanin Batchelor da Stewartson ya taimaka wajen fahimtar abin da ke faruwa a bayan farfelar famfo, da yadda binciken Rice da sauransu ya fayyace iyakar injin Tesla. Lissafi ya nuna cewa a aikin shayar da shinkafa, famfo mai fayafayai zai ceci farfela amma ya cinye ribar a wajen mai, kuma Hausawa sun ce ba a sayar da akuya ta dawo tana cin danga.

Inda famfon zai iya amfani a yankin Lafagu shi ne ayyukan ruwa mai kauri na ɗan lokaci, kamar kwashe taɓo wajen huda rijiya, da yashe kududdufi, da zubar da ruwan tafkin kifi ba tare da an kashe 'ya'yan kifi ba. Yana kuma da sauƙin ƙira, tunda yanka faifai daga farantin ƙarfe bai bukatar narka da zubi, illa dai sai an daidaita nauyinsa sosai don kada ya yi rawa a kan sanda. Saboda haka ana ba da shawarar cewa sassan aikin injiniya na Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero su ƙera samfuri mai tazara daban-daban, su gwada shi gefe da gefe da famfo mai farfela a ruwan farar cika da na baƙar cika, su auna lita nawa ta ruwa kowace litar fetur ke ɗagawa, kafin a shawarci wani manomi ya zuba kuɗinsa a ciki.